Kotu, Sulhu Ko Yarjejeniya: Wace Hanyar Rabuwar Aure Ce Ba Za Ta Cuce Ni Ba?

Tambaya: "Assalamu alaikum Barista. Shekararmu 11 da aure, 'ya'yanmu uku, kuma zaman ya ƙare. Ni da shi duk mun san haka. Amma kowa da abin da yake gaya mini. Yayata ta ce in shigar da ƙara in faɗi duk abin da ya yi mini. Ƙawata ta ce ai yanzu ba a neman laifi, takarda kawai ake cikewa. Shi kuma ya ce mu zauna da mai sulhu mu gama tsakaninmu, ba sai an sa lauya ba. Don Allah mene ne bambancin waɗannan hanyoyi, kuma wacce ce ba za ta cuce ni ba?"

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo sauƙi, ya raya miki yaran. Na karanta saƙonki sau biyu, abin da na lura shi ne mutanen nan uku ba a kan abu ɗaya suke magana ba, shi ya sa kanki ya ɗaure. Yayarki da ƙawarki suna magana ne a kan dalilin da doka take karɓa kafin ta kwance igiyar aure. Maigidanki kuwa yana magana ne a kan yadda za a warware abin da zai biyo baya: wa zai riƙe yara, wa zai ciyar da su, hannun wa gida zai faɗa, wa zai biya bashin da aka ci tare. Na farkon yakan ƙare cikin 'yan watanni. Na biyun ne ke bin mutum shekara da shekaru. A tsawon aikina na shari'ar iyali, na sha ganin mutane sun ƙarar da ƙarfinsu duka a kan na farko, na biyun kuma suka sa masa hannu a gajiye, don kawai su huta.

Ba ki faɗi ƙasar da kike zaune ba, ba ki kuma faɗi irin auren da aka ɗaura muku ba. Saboda haka zan buɗe miki hanyoyin yadda suke a wurare daban-daban, ke kuma ki duba inda taki ta faɗa.

Dokar da ta ɗaura ita ke kwancewa

Duk wanda ya shigo ofishina da wannan magana, kafin ya fara ba ni labarin abin da aka yi masa, nakan tambaye shi abu uku: ina aka ɗaura, wa ya ɗaura, wace takarda aka ba ku? Mutane da yawa suna da aure biyu a kansu ba su sani ba, ɗaya na addini, ɗaya na rajistar hukuma, kuma kowanne da ƙofar fitarsa.

Na taɓa zama da wani bawan Allah da aka ɗaura musu aure na addini, daga baya suka je suka yi rajista saboda neman takardar zama a wata ƙasa. Da suka ɓata ya rubuta saki, ta yi idda, shi kuma ya yi wani auren. Bayan shekara huɗu sai ga wasiƙa daga lauyan matar farko. A idon dokar ƙasar da yake zaune, har ranar nan matarsa ce, tana da haƙƙi a fanshonsa da gadonsa, aure na biyun kuwa ba shi da gindin zama. Ina yi masa bayani yana ta juya takardar sakin a hannunsa, duk ta tsufa a wurin ninki, yana cewa, "Amma ai ga shi na rubuta, da shaidu biyu." Ya rubuta ɗin, kuma a addini ya saki. Auren rajistar ne bai taɓa ba.

A Ingila haka abin yake: sakin da aka furta a cikin ƙasar ba ya kashe auren da doka ta sani, sai kotu ta raba. Yahudawa masu riƙo da addini suna fama da kishiyar wannan matsala, domin kotu za ta raba auren, amma muddin mijin bai miƙa wa matar takardar sakin addini ba, ba ta da damar sake aure a addininsu. Cocin Katolika ba ta san saki ba sam. Abin da take yi shi ne ta binciki auren ta ce tun farko bai ɗauru ba. Ƙasar Filifins har yau ba ta da dokar saki ga yawancin 'yan ƙasarta, in ban da Musulmi da aka yi musu tasu dokar a 1977. Kin ga ke nan kafin a yi maganar wace hanya ta fi, sai an san wace hanya ce ma a buɗe.

Laifi ko babu laifi

Shawarar yayarki ita ce tsohuwar hanya. A da, a yawancin ƙasashen Turai da Amurka, kotu ba ta raba aure sai ɗaya ya tabbatar da laifin ɗayan: zina, duka, ko gudu a bar iyali. Abin da wannan ya haifar shi ne ƙarya a gaban alƙali. A Ingila cikin shekarun 1930, ma'auratan da suka yarda su rabu sukan shirya wasan kwaikwayo: mijin ya kama ɗaki a otal tare da wata da aka yi haya, ma'aikaciyar otal ta gan su da safe, daga baya ta zo kotu ta ba da shaida. A jihar New York zina ce kaɗai dalilin saki har zuwa 1966, masu hali sukan tafi jihar Nevada su zauna mako shida su samo takarda su dawo.

Jihar Kalifoniya ce ta fara karya wannan a Amurka, da dokar da Gwamna Ronald Reagan ya sa wa hannu a 1969, ta fara aiki a 1970. Daga nan ya isa mutum ya ce saɓanin da ke tsakaninsu ba ya gyaruwa. Ostareliya ta bi sahu a 1975, sharaɗinta shi ne rabuwar wata 12. A Jamus shekara ɗaya ce in duka biyu sun yarda, in ɗaya ya ƙi kuma bayan shekara uku doka ta ɗauka auren ya mutu. New York ce ta zo ƙarshe a jihohin Amurka, sai 2010.

Akwai kuma masu tsayawa a tsakiya. Dokar Ingila ta 1969 ta ce dalili ɗaya ne, wato aure ya mutu babu gyara, amma sai an tabbatar da shi da ɗaya daga cikin abubuwa biyar: zina, mugun hali, gudu, rabuwar shekara biyu da yardar juna, ko ta shekara biyar ba da yarda ba. Dokar Najeriya ta 1970 mai kula da auren rajista irin wannan ginin ne, sai dai abubuwan nata takwas ne. Illar wannan tsari ta fito fili a shari'ar wata mata a Ingila mai suna Tini Owens. Ta kawo misalai 27 na halin mijinta, shi ya ƙi yarda, alƙali ya ce misalan ba su da ƙarfi, Kotun Ƙolin Birtaniya kuma a 2018 ta ce ba ta da yadda za ta yi, sai dai matar ta jira shekara biyar ɗin su cika. Wannan shari'a na cikin abin da ya tura majalisa ta sauya doka. Tun 6 ga Afrilu 2022, a Ingila da Wales mutum ɗaya ko su biyun tare za su shigar da sanarwa cewa auren ya mutu, a jira mako 20, sannan a ƙara mako shida, shi ke nan. Ɗayan ba shi da ikon cewa bai yarda ba. Wannan ce maganar ƙawarki, kuma ta yi gaskiya, in dai kina zaune a inda irin wannan doka take.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. In akwai ƙofar da ba ta neman laifi, ita nake nuna wa mutane. Na san zafin da ke sa mace ta so alƙali ya ji abin da ta haɗiye shekara 11, ba na kuma raina shi. Amma kotu ba wurin huce haushi ba ce. Duk abin da kika faɗa sai an nemi shaida, lauyansa zai tashi ya yi miki tambayoyin da za su sa ki ji kamar ke ce mai laifin, shi ma ya buɗe nasa kundin a kanki. Tonon silili ne da ake biyan kuɗi a yi, kuma rubuce yake, wata rana yaran za su iya karantawa. Sannan a ƙasashe da yawa tabbatar da laifi ba ya ƙara wa mutum komai a rabon dukiya. Inda nake cewa a faɗi komai ba ragi shi ne in akwai duka, barazana, ko haɗari ga yara. Wannan dole alƙali ya sani, domin a kansa zai gina umarnin kariya da hukuncin riƙon yara.

Idan auren na Musulunci ne

Mutane da yawa saki kaɗai suka sani, alhali ƙofofin sun fi haka. Akwai sakin da miji ke furtawa, da idda a bayansa da damar kome in bai cika uku ba. Akwai hul'i, inda mace ke fansar kanta, galibi da mayar da sadaki. Asalinsa aya ta 229 a Suratul Baƙara da hadisin matar Sabit bin Ƙais, wadda ta mayar masa da gonarsa aka raba su. Akwai raba aure da alƙali ke yi saboda cutarwa, rashin ciyarwa, doguwar ɓata ko wani aibi. Akwai kuma miƙa wa mace ikon sakin kanta, wanda a Pakistan har gurbi aka ware masa a takardar ɗaurin aure, lamba ta 18, ko da yake sau da yawa ana soke shi ba a ma tambayi amarya ba.

Wurin da nake so ki buɗe ido shi ne tsakanin hul'i da rabuwa saboda cutarwa. A hul'i ke ce mai biya. A ɗayan ba ki biyan komai, sai dai ki kawo shaida. Na ga mata da yawa da aka ƙuntata musu da gangan har suka gaji suka ce a karɓi sadakin su huta, alhali da shaidunsu. A mazhabar Malikiyya, in ta tabbata cutarwa ce ta tilasta mata biya, rabuwar ta tabbata kuma a mayar mata da abinta. Malikiyya ta fi sauran mazhabobi buɗe wa mace wannan ƙofa, shi ya sa da Indiya ta zo yin dokar raba auren Musulmi a 1939, daga gare ta ta aro, duk da yawancin Musulminta Hanafawa ne.

Hukumomi kuma sun shigo ciki, kowace da salonta. Tunusiya tun 1956 ta ce ba saki sai a kotu. A Pakistan dokar 1961 ta wajabta wa miji ya sanar da shugaban ƙaramar majalisar yankinsa, sakin ba ya aiki sai bayan kwana 90. Masar a 2000 ta ba mace damar samun hul'i daga alƙali ko da miji bai yarda ba, in ta mayar da sadaki ta yafe haƙƙoƙinta na kuɗi, amma ba a yarda ta sarayar da riƙon yara ko ciyarwarsu ba. Maroko a 2004 ta ce sai miji ya nemi izinin kotu, ya kuma ajiye kuɗin haƙƙin mata da yara, kafin a rubuta saki. Kotun Ƙolin Indiya a 2017 ta soke saki uku a furuci ɗaya.

Maganar maigidanki

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna a saƙonki. Hanyoyin warware dukiya da yara jere suke, daga wadda ku biyu ke riƙe da linzami zuwa wadda alƙali ke riƙe da shi.

Mafi sauƙi ita ce yarjejeniya: ku daidaita komai, a rubuta, hukuma ta amince. A Japan yawancin rabuwa haka ake yi, takarda ce ake miƙawa a ofishin ƙaramar hukuma. Chaina ta ƙara wa tata jiran kwana 30 daga 2021. Faransa tun Janairun 2017 ta cire alƙali daga rabuwar yardar juna, amma ki lura da abin da ta ɗora a madadinsa: dole kowanne ya zo da lauyansa daban, kuma sai an yi kwana 15 da karɓar daftarin kafin a sa hannu. Wato ko ƙasar da ta sallami alƙali ba ta yarda mutum ya sa hannu ba mai ba shi shawara ba.

Sai sulhu. Abu ne mai asali, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tashi mai sasantawa daga danginsa da wani daga danginta. A tsarin zamani mai sulhu ɗan ba-ruwanmu ne da aka horar, ba ya yanke hukunci, ba ya kuma ba kowa shawarar doka. Ki riƙe wannan na ƙarshe da kyau. In kika yarda da abin da zai cuce ki, aikinsa bai kai ya ce miki "kada ki yarda" ba. Ingila tun 2014 ta wajabta a fara halartar zaman jin bayanin sulhu kafin a kai rigimar yara ko dukiya kotu, amma ta cire waɗanda aka ci zarafinsu a gida, kuma ba a banza ta cire su ba.

Wata mata ta taɓa kawo mini yarjejeniyar da suka cimma a wurin sulhu, ta ce in duba kawai, gobe za su sa hannu. Tare suka zo da mijin, mutum mai fara'a, har kujera ya ja mata. Na tambaye ta ko ta san nawa ne a asusun fanshonsa. Kafin ta amsa sai ta dube shi. Na tambaye ta sunan wa ke kan takardar gida, ta sake dubansa. Tambaya biyar na yi, sau biyar tana satar kallonsa kafin ta buɗe baki. Na roƙe shi ya ba mu minti goma. Da ƙofa ta rufu sai ta ce, "Wallahi ban san ko nawa yake samu ba, ni dai so nake a gama." Takardar ta bar mata kayan ɗaki da mota mai bashi a kanta, shi kuma gida da fansho. Ba a daka mata tsawa a zaman sulhun ba, ba a kuma yi mata ƙarya ba. Ba ta san abin da za ta tambaya ba ne kawai, shi kuma bai ga dalilin tuna mata ba.

Fansho ne abin da mata suka fi mantawa, kuma a dogon aure yakan kai gida daraja. A Jamus kotu da kanta take raba haƙƙin fanshon da aka tara a zaman aure. A jihohi tara na Amurka, ciki har da Kalifoniya da Texas, abin da aka samu a zaman aure na su biyun ne. A sauran jihohin alƙali ne ke duba abin da ya dace. A fiƙihun Musulunci kuwa kowa da dukiyarsa, don haka in kin zuba kuɗinki a gini ko kasuwancin da ke da sunansa, shaida ce za ta fitar miki da shi.

Akwai wata hanya tsakanin sulhu da kotu da wani lauya Ba'amurke, Stu Webb, ya fara a Minneapolis a 1990. Kowa ya zo da lauyansa, a zauna su huɗu a teburi ɗaya, a sa hannu cewa kowa zai bayyana dukiyarsa, kuma in zaman ya watse aka tafi kotu, lauyoyin biyu za su janye, sai an nemi sababbi. Hikimar ita ce lauya ba ya cin ribar rigima. Ina son tsarin, amma in ya watse an biya kuɗi sau biyu ke nan. Wasu kuma sukan ɗauki mai yanke hukunci na kansu, galibi tsohon alƙali ko gogaggen lauya, su yarda da duk abin da ya yanke. Ya fi kotu sauri da rufin asiri, sai dai ba kowa ke da halinsa ba.

Kotu ce ta ƙarshe, ita ce mafi tsada da jan lokaci. Amma ita kaɗai ce ke iya tilasta wa mutum ya fito da takardun banki, ta hana shi sayar da gida kafin a gama, ta sa a cire kuɗin ciyarwa daga albashinsa. Wanda ake ɓoye wa dukiya ko ake tsoratarwa, kotu ce gatansa.

Abin da zan ce miki

Tunda ku biyun kun yarda zaman ya ƙare, ban ga abin da shari'ar laifi za ta ƙara miki ba, sai fa in akwai abin da ba ki faɗa ba. Sulhun da ya kawo ba laifi ba ne, da yara uku a tsakani ma ya fi, domin za ku ci gaba da haɗuwa a kan makaranta da asibiti har su girma. "Ba sai an sa lauya ba" ɗin ne ban yarda da shi ba. Wataƙila tsoron kashe kuɗi ne kawai ya sa ya faɗa, ba na zarginsa. Duk da haka ki ga lauyanki ke kaɗai kafin zaman farko, ki sake ganinsa kafin ki sa hannu, kuma kada ki sa hannu a ranar da aka miƙo miki takarda.

Ki yi wa kanki tambaya biyu tsakaninki da Allah. Kin san abin da ya mallaka da abin da ake binsa? Za ki iya ce masa "a'a" yana zaune a gabanki? In amsar duka e ce, je ki sulhu. In ɗaya a'a ce, ki shiga da lauya a gefenki, ko ki bar wa alƙali.

Kafin nan ki tattara takardar aure, takardun haihuwar yara, na gida ko fili, bayanan banki, da duk rasit ko saƙon waya da ke nuna kuɗin da kika zuba, ki ajiye kwafinsu a wajen gidan. A maganar yara kada ki yarda da "zan riƙa yin abin da ya sawwaƙa". A rubuta nawa, ranar nawa ga wata, wa ke biyan makaranta da magani, ina za su yi hutu, da abin da zai faru in ɗayanku zai bar ƙasar. Duk abin da kuka cimma kuma a kai shi kotu ta mayar da shi umarni, domin a wurare da yawa takardar sulhu ita kaɗai ba ta da haƙoran cizo ranar da ya daina biya.

Wannan bayani ne na gaba ɗaya, ban ga takardunki ba, ban kuma ji ta bakinsa ba. In kin sake rubutowa, ki faɗa mini ƙasar da kuke zaune da irin takardar auren da ke hannunki, da kuma ko an taɓa yin rajista bayan ɗaurin aure.